Garwashi a Gindin Magarya

"Cire zoben nan, Kamila!"

Kamila ta dunƙule hannunta ta cusa shi cikin mayafi.

"Gwaggo, don Allah..."

"Don Annabi! Na ce ki cire. Ko sai na sa Bashar ya zo da filaya?"

A tsakiyar falon gidansu da ke unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa, akwatuna biyu ne a buɗe, kayan sa-ranar da dangin Sharfuddeen suka kawo. Goron da alewar tuni an raba an cinye, amma Gwaggo Saratu ta aika kasuwar Deira an sayo sababbi, don kada a ce sun ci na mutane. Gwaggo yayar Abba ce, ita ta raini Kamila tun rasuwar Ummanta, kuma in ta ɗaura ɗankwali a kan magana, sai dai wani ikon Allah.

Kamila ta juya wurin mahaifinta. Alhaji Gidaɗo yana zaune da carbi a hannu, ya ƙura wa kafet ido.

"Abba, ka ce wani abu mana..."

Ya ja numfashi.

"Mamana, ni ba ƙin yaron nan nake ba. Amma mutumin da zai gasa nama ya tashi ya bar wuta a dajin mutane, ya ƙone itatuwan da suka girme ni, yaya zan ɗauki 'yata guda ɗaya in miƙa masa? Na jira ya zo ya kare kansa, ko uffan bai ce ba. Juma'a mai zuwa za a mayar musu da kayansu."

Hawaye suka zubo mata.

Abin ya faru ne kafin shigowar zafi. Bayan an sa rana, Sharfuddeen ya ce bari ya kai iyalan biyu shan iska wani gandun daji da ke bayan duwatsun Hatta, wurin da hukuma ta killace saboda magarya da ƙudan zuma. An shimfiɗa tabarmi, ya gasa tsire, an ci an yi dariya, an watse bayan la'asar. Kafin magariba wuta ta tashi a gandun. Ba a rasa rai ba, amma gefe guda na dajin ya tafi. Da aka kira Sharfuddeen, tunda da sunansa aka kama wurin, bai yi gardama ba, ya ce gawayinsa ne. Aka yanke masa aikin gyaran gandun duk ƙarshen mako, ƙarin girman da ake shirin yi masa a kamfanin sanyaya gine-gine kuma ya bi ruwa.

Abu biyu Kamila ta rasa a wannan rana. Na farko ɗan cokalin azurfa na zuba turaren wuta, abin da ya rage mata na hannun Ummanta, ta neme shi har ƙarƙashin kujerun mota ba ta gan shi ba. Na biyu kuwa Sharfuddeen ɗin kansa. Ya daina zuwa, ya daina ɗaga waya, sai saƙo guda da yake maimaitawa kamar ba shi da wasu kalmomin a duniya: "Ki yi haƙuri."

Ƙofa ta buɗe, Bashar ɗan Gwaggo ya shigo yana kaɗa makullin mota, ƙamshin turarensa ya riga sallamarsa isowa. Shagon wayoyi gare shi a Deira, da kuma baki wanda ba ya jiran izinin mai shi.

"Ah ah, habibti, kuka kuma? Khalas, magana ta ƙare, ki manta da shi. Injiniya guda ya koma lebura, wallahi an ce kowace Asabar yana can Hatta yana jan bokiti kamar mai ga-ruwa."

Kamila ta share fuskarta, ta dube shi.

"Kowace Asabar ka ce?"

"Tun asuba ma!"

"Na gode, Yaya Bashar."

Ya washe baki, a zatonsa ya ci kasuwa. Zoben dai yana nan a yatsarta ta shige ɗaki.

*

Ranar Asabar ta ce wa Abba za ta aikin sa kai, ba ta kuwa yi ƙarya ba. Masu gandun suna neman hannu tun da sanyi ya fara shigowa, bas guda ke kwasar mutane daga bakin tashar jirgin ƙasa ta metro. Ta zauna kusa da taga tsakanin wata 'yar Filifin da wasu samari 'yan Sudan, tana kallon dogayen gine-gine suna ƙarewa, jan yashi ya karɓa, daga baya duwatsu suka taso baƙi-ƙirin. Duk tsawon hanyar tana tsara faɗan da za ta yi masa, har da wurin da za ta ɗaga murya.

Tana sauka faɗan ya gudu.

Inda suka taɓa zama a inuwa yanzu sai kututtura a tsaitsaye, baƙaƙe, wasu an ɗaura musu jan ƙyalle, wasu babu. Har yanzu in iska ta kaɗo akwai ƙaurin tsohuwar toka. Nan da can ciyawa ta fara leƙowa, 'yar mitsitsiya, kamar mai jin kunya.

Wani dattijo mai farin gemu da sanda ya tare su. Abu Saif ake kiransa, haifaffen Hatta, shi ke kula da gandun. Da Larabci haɗe da Turanci ya nuna musu aikin. A kankare bawon itace da farce, in an ga kore a ciki a ɗaura mata jan ƙyalle, tana da rai. A haƙa rami, a dasa, a kewaye da duwatsu, a zuba ruwa shwaiya shwaiya, wato kaɗan-kaɗan, don kada ƙasa ta tofar da shi.

Sai ta hango Sharfuddeen.

Yana saukowa daga tudu da jarkoki biyu. Ya rame, ya yi duhu, rigarsa ta manne da zufa. Yana ganinta jarka ɗaya ta suɓuce, ruwan ya malale a kan takalminsa.

"Kamila?"

"Ashe ka tuna sunan."

"Me ya kawo ki nan?"

"Bas."

Ya waiga wajen Abu Saif, ya dawo da kallonsa gare ta, idonsa cike da wani tsoro da ba ta gane kansa ba.

"Ki koma gida, don girman Allah. Rana za ta yi zafi, ba ki saba ba."

"Juma'a za a mayar muku da kayanku, Sharfu."

Ya kawar da kai.

"Ka ji ni kuwa? Abba ya ce ka zo ka kare kanka, ka ƙi. Kuskure ai kowa yana yi! Ka durƙusa gabansa ka ce ka tuba, shi ke nan fa. Ko dama neman hanyar gudu kake?"

"Ni?" Muryarsa ta karye. "Ni zan guje ki, Kamila?"

"To mene ne?"

Ya sunkuya ya ɗauki jarkar. Ta ga tafin hannunsa duk kanta, hannun da a da ko biro ya daɗe a ciki sai ya yi ƙorafi. Zuciyarta ta yi rauni, ta ji haushin kanta da ta yi raunin.

"Yalla, yalla!" Abu Saif ya buga sandarsa a ƙasa. "Sababbi ku biyo ni. Duk wanda ya zo nan sai ya fara ganin inda wutar ta tashi, sannan ya taɓa shebur."

"Kada ki je," in ji Sharfuddeen da sauri. "Hanyar duk ƙaya ce."

Da bai hana ba, wataƙila da ba ta je ba. Amma Kamila jinin Gwaggo ce.

Ta san inda za a kai su, wurin murhunan siminti da ke kusa da ƙofa, inda Sharfuddeen ya gasa tsire. Sai ta ga sun wuce murhunan. Suna nan fes, ko baƙin hayaƙi bai taɓa bencin da ke gefensu ba. Abu Saif ya ci gaba da hawa, ya zagaya bayan wani ƙaton dutse, ya tsaya gaban wata magarya mai rassa biyu wadda ta ƙone ƙurmus. An kewaye gindinta da fararen duwatsu.

"A nan," ya ce. "Garwashi kaɗan, ciyawa busasshiya, iska ta ƙarasa sauran."

Kamila ta dafa dutsen, ta zauna.

Ta san dutsen nan. Ta san magaryar nan, ƙayarta ce ta kama mata mayafi har ta fizge da ƙarfi.

A ranar, Gwaggo ta zo da kaskon turaren wuta, ta ce ba za a zauna da surukai a kan tabarma tana warin mota ba. Ta ɓoye shi a bayan kular abinci saboda an hana kunna wuta in ba a murhu ba. Da aka tashi tafiya ta miƙa wa Kamila, ta ce, "Je ki can nesa ki zubar, kada ya ɓata mana mota, kada kuma ma'aikatan nan su gani." Kamila ta zagayo bayan dutsen nan, ta tona da cokalin Umma, ta ga toka ce zalla, ta juye a gindin magaryar ta dawo tana dariya.

Toka zalla ta gani.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

'Yar Filifin ta riƙe ta tana tambaya ko jiri ne. Abu Saif kuwa kallo ɗaya ya yi mata, ya juya ya ja sauran mutanen suka sauka.

Ba ta san tsawon zaman da ta yi a kan dutsen ba, sai inuwar mutum ta gani a gabanta.

"Na ce kada ki zo," ya ce a hankali.

"Sharfu, a ina ka gasa naman nan?"

"Iska ce ta ɗauko..."

"Iska ta ɗauko garwashi daga bakin ƙofa, ta hau tudu, ta zagaya dutse, ta ajiye a nan? Kalle ni."

Bai kalle ta ba.

"Ina cokalin Ummana?"

Kafin ya yi tunani hannunsa ya tafi aljihun ƙirjinsa. Ya yi saurin sauke shi, amma ina, bakin alƙalami ya bushe. Ta miƙa tafin hannunta. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya zaro wani ɗan ƙyalle ya warware. Ga cokalin nan, gefe ɗaya ya yi baƙi, ɗayan kuwa yana sheƙi, alamar an sha goge shi.

Kuka ya ƙwace mata.

"Ni ce... Sharfu, ni ce na ƙone su. Duk waɗannan... da ƙudan zuman..."

"Ba da gangan ba ne, Kamilata."

"Me ya sa ka ce kai ne?"

Ya tsuguna nesa kaɗan da ita, ya ɗauki tsakuwa yana juyawa.

"Da aka kira ni aka kawo ni nan, na ga cokalin a cikin toka. Saura ƙiris a lokacin a ba ki lasisin aikin haɗa magani. Na tuna yadda kike karatu har idonki ya kumbura. Na ce ni namiji ne, in aka yi surutu a kaina kwana biyu zai wuce."

"Ya wuce ɗin?"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Kuma na san ki. Kyankyaso kika taka sai kin yini kina istigfari. Ina ga daji guda?"

"Shi ya sa ka daina zuwa?"

"Ba na iya yi miki ƙarya ido da ido. Da na zauna gabanki minti biyar, da kin karance ni tas."

"To Abba fa? Da ka ga aure zai rushe, me ya hana ka je ka gaya masa a asirce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na yi rantsuwa."

"Wa ka yi wa?"

Ya ci gaba da juya tsakuwar.

Kamila ta tsayar da kukanta. Mutum ɗaya ce a duniya ta san da kaskon nan ban da ita. Ta tuna daren washegarin gobarar, yadda Gwaggo ta shige ɗaki da waya ta kulle ƙofa, ta fito ido jajur. Ta kuma tuna cewa bakin Gwaggon ne ya fara cewa, "Yaron nan ba shi da hankali, Gidaɗo."

"Gwaggo ce," ta ce.

"Ni dai ban faɗa ba."

"Ta roƙe ka ka rufa mana asiri, ka rufa, sannan ta juyo da shi ta doke ka."

"Tsoro ta ji saboda ke. Wallahi a daren nan kuka take kamar ranta zai fita. Abin da ya biyo baya kuma, tsakaninta da Allah."

"Kai kuma ka zauna kana ba itace ruwa, za a ɗauke ni a ba wani?"

"Na zaci Abba zai huce. Kullum ina cewa gobe." Ya ɗago, idonsa ya cika. "Kamila, gara in rasa ki kina tsaye da ƙafafunki da in same ki a karye."

Ta miƙe tsaye, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Wa ya ce ka zaɓa mini?"

"Kamila..."

"Ina sonka, Sharfu, ina sonka har ban san inda zan sa kaina ba. Amma ba zan shiga gidanka a kan bayanka ba kamar kayan da aka ɗauko daga jirgin kago. Laifina ne, ni zan ɗauki abina."

"Aikinki fa? Bizarki?"

"Allah ne ya ba ni."

Ya bi ta yana roƙo har gindin tudu, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ta sami Abu Saif a rumfar da ake renon dashe, yana cusa ƙasa a baƙaƙen ledoji. Ta durƙusa ta gaya masa komai da Larabcinta na 'yan makaranta, sai dai ba ta ambaci Gwaggo ba. Ya saurara har ta gama bai daina aikinsa ba.

"Ya binti, 'yata," ya ce, "ranar da na kai saurayin nan wurin, na ga ya sunkuya ya ɗauki wani abu ya sa a aljihu. Na tsufa ina ganin masu gasa nama, ban taɓa ganin mai juya tsire da cokalin azurfa kamar ɗan yatsa ba. Na ce bari in jira mai cokalin."

"Ga ni, Baba."

"Kin daɗe."

"Ban sani ba sai yau."

Ya gyaɗa kai.

"Dole in kai maganar gaba a gyara sunan. Abin da za su ce a wurin aikinki kuma ba a hannuna yake ba. Kin yarda?"

Ta runtse ido. Ta ga farin kwat ɗinta na aiki da ke rataye a bayan ƙofa, ta ga fuskar Abba ranar da aka ba ta lasisin.

"Na yarda."

Ya miƙo mata leda guda mai ɗan tsiron magarya.

"To yalla, rana tana yi."

*

Washegari da safe ana karyawa, Kamila ta ajiye cokalin a kan farantin da ke gaban Abba.

Ya ɗauka ya juya shi. Shi ya saya wa marigayiya a kasuwar Kurmi tun suna amare, ba zai kasa gane shi ba.

"A ina kika samo shi, Mamana? Me ya ƙona shi haka?"

Gwaggo ta ajiye kofin shayinta a kan faranti ba ta sha ba.

Kamila ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta faɗa masa. Ta ce ita ta zubar da garwashin turare a gindin magarya, Sharfuddeen ya gani ya ɗauka a kansa. Ta tsaya a nan. Duk abin da Gwaggo ta yi, ita ce dai ta goya ta, ita ta kwana a kanta lokacin ƙyanda, ba za ta tsiraita ta gaban ƙaninta ba.

Sai dai an manta da Bashar, wanda ya zo cin ƙosai.

"Kan uba! Shi ya gaya miki? Ai ya rantse wa Hajiya da Alƙur'ani ba zai faɗa ba!"

Duk suka juyo gare shi.

Bashar ya dubi uwarsa, ya dubi kawunsa, ya mayar da ƙosan da ke hannunsa cikin kwano a hankali.

"Yaya," in ji Abba, murya ƙasa-ƙasa. "Da gaske ne?"

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka hau rawa.

"Ni na kunna kaskon, Gidaɗo, ni na aike ta. Da na ji labarin wutar sai na ce za a kama min 'ya a ƙasar mutane. Na kira yaron na roƙe shi, kafin in rufe baki ya ce ai ya riga ya amsa. Ni na sa shi rantsuwa. Daga baya da na ga ka yi fushi da shi... sai zuciya ta ce min ga Bashar, 'yata ba za ta bar gabana ba. Na ci amanar yaron nan. Na ci."

Kamila ta rarrafa ta kwantar da kanta a cinyar Gwaggo, suka yi kukan tare.

Abba ya miƙe. Ya sa hularsa ya fita ofishinsa na kago, inda yake jigilar kaya.

Haka makon ya tafi, ba ya cewa komai sai amsa gaisuwa. Aka kira Kamila aka yi mata tambayoyi, aka mayar da sauran aikin gandun kanta, asibitin da take aiki kuma suka ce ta zauna a gida tukuna har su duba lamarin. Ta cire farin kwat ɗin daga bayan ƙofa ta ninke shi, ta yi kukanta ita kaɗai. Juma'a ta zo ta wuce, akwatunan suna nan a falo, babu wanda ya isa ya tambaya.

Ranar Asabar bayan sallar asuba Abba ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Ɗauko mayafinki. Yaya, ke ma tashi."

Da kansa ya ja motar har Hatta, sanye da farar shadda, rediyo ma bai kunna ba.

Sharfuddeen yana cikin haƙa rami ya ɗago ya gan su. Ya saki baki, ya rasa ko ya durƙusa ko ya goge hannu.

"Abba... sannu da zuwa, Abba."

"Kawo shebur ɗin."

"Abba, ƙasar dutse ce, ga kayanka farare..."

"Na ce kawo."

Alhaji Gidaɗo, wanda rabonsa da fartanya tun yana yaro a gonar kakansa, ya naɗe hannun riga ya hau haƙa. Shebur ya daki dutse, ya sake dukan dutse, zufa ta jiƙa hular. Sharfuddeen ya kai hannu sau biyu, sau biyun ana ture shi.

"Rami nawa ka haƙa a madadin gidana?"

"Ban ƙirga ba, Abba."

Abba ya tsaya yana haki, ya jingina da shebur ɗin.

"Na kira ka marar hankali a gaban mutane. Ka yafe mini, ɗana."

Sharfuddeen ya zube a ƙasa.

"Subhanallahi, Abba, kada ka ce haka. Ba ka yi mini komai ba."

"Na yi. Kai ma kuma ka yi naka, don ƙarya ƙarya ce ko da ta rufin asiri ce. Gobe in abu ya same ku, ku zo mini da shi da zafinsa." Ya goge goshinsa. "Ka gaya wa manyanka ina jiransu. Ba kaya za su karɓa ba, rana za mu sake tsayarwa, kuma ba na son mai nisa."

Kamila ta juya baya ta rufe fuska, tana dariya tana hawaye.

Gwaggo ta matso da butar ban-ruwa a hannu, wadda Abu Saif ya damƙa mata tun daga ƙofa ba tare da ya tambayi ko wace ce ba.

"Sharfuddeen... na warware maka rantsuwar nan."

"Ai Bashar ya riga ki, Yaya," in ji Abba.

Har Gwaggon sai da ta yi dariya cikin kuka.

Magaryar mai rassa biyu dai ba ta farfaɗo ba. Kamila ta kankare bawonta ta kowane gefe har farcenta ya karye, babu kore ko ɗigo. Ranar da aka sare ta tana tsaye, ba ta yarda ta kawar da kai ba. A gefen kututturen ta dasa tsiron da Abu Saif ya ba ta, Sharfuddeen ya jera duwatsun, ita ta zuba ruwan. Asibitin sun mayar da ita bayan wani lokaci, da takardar gargaɗi, a wani reshe mai nisa wanda sai ta canza jirgin ƙasa sau biyu. Ba ta yi ƙorafi ba.

Kafin sanyi ya fita aka ɗaura aure.

Yammacin farko a ɗan gidansu, bayan 'yan rakiya sun watse, amarya ta kunna kasko. Ta ɗebi turaren da cokalin Umma, wanda har yau gefensa ɗaya baƙi ne, gida ya ɗauki ƙamshi. Da hayaƙin ya lafa ta juye tokar a kwanon ƙarfe, ta kai kicin, ta hau zuba mata ruwa. Ta zuba, ta tona, ta sake zubawa, har kwanon ya zama tafki.

Sharfuddeen ya jingina da ƙofa yana kallonta.

"Amaryata, ai ya mutu."

Ba ta ɗago ba.

"Haka na ce wancan karon."

Ya tako a hankali ya tsaya a gefenta. Ya karɓi jug ɗin daga hannunta, ya cika shi a famfo, ya ƙara zuba wa tokar da kansa.